Ekptuō: Ƙin Mutum ko Tofar da Yawu?

A Galatiyawa 4:14 Manzo Bulus yana tuna wa masu bi yadda suka karɓe shi sa'ad da ya iso musu ba lafiya. Ya ambaci abu biyu da ba su yi masa ba. Na farko raini. Na biyun shi ne ekptuō, kalmar da nan kaɗai ta fito a dukan Sabon Alkawari. A Helenanci ek na nufin "waje", ptuō kuwa "tofa". Fassarori da yawa sun mai da ita "ƙi" ko "ƙyama". Ba kuskure ba ne, amma a ganinmu an goge yawun daga ayar.

Tiyofarastus, almajirin Aristotal, ya kwatanta mai camfi da cewa in ya ga mahaukaci ko mai farfaɗiya yakan tofa yawu a ƙirjinsa. Filini Babba, wanda ya rasu a shekara ta 79, ya ambaci irin wannan al'ada wurin Romawa. Wato mai tofin tsoro yake ji, kāre kansa yake yi.

Mu da muke hidima a ƙauyukan Bichi, Tsanyawa da Ɗambatta ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun ga yadda jama'a kan dāre in farfaɗiya ta kā da mutum ran kasuwa, don gudun kumfar bakinsa, alhali ba a ɗaukar cutar ta haka. Mun san gidajen da ake ware wa irinsa ƙwaryar sha, har da gidajen masu bi. Galatiyawa suna da dalilin al'ada na ja da baya, suka matso.

Sai dai kada mu wuce gona da iri. Kalmar ba ta tabbatar da cewa farfaɗiya ce ke damun Bulus ba; bai faɗi sunan cutar ba, aya 15 ma ta sa waɗansu zaton ciwon ido ne.

Mai wa'azi kuma ya kula da Hausarsa. In muka ce "tofi", tsoho a benci zai tuna da malam mai yi wa yaro addu'a, wanda ya fi kusa da ptuō na warkarwa a Markus 7:33 da Yahaya 9:6. Tofa wa mutum yawu don wulaƙanci kuwa emptuō ne, Markus 15:19. Tamu "tofar da yawu" ce, irin ta mai kau da kai ya wuce.