Majek Fashek: Mai Roƙon Ruwan Da Muka Mayar Mai Ruwa

Duk wanda ya tashi tsakanin Kankiya da Kusada ya san yadda gari yake zama idan ruwa ya ɗauke bayan shuka. Gero ya fito kamar tsawon yatsa, sai sama ta bushe. Hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, mata su kwashe shanya, iska ta zo ta watsa shi. Kwana goma, sati biyu, ganye ya fara naɗewa. Daga nan sai a yi shela cewa gobe da hantsi za a fita roƙon ruwa. Manya da yara su nufi filin idi cikin tsofaffin tufafi, liman ya ja raka'a biyu, a juya riguna, a ɗaga hannu. A duk taron nan babu mai cewa shi zai kawo ruwa. Kowa mabuƙaci ne.

Da wannan kunnen nake son mu sake sauraren Majek Fashek, mawaƙin Najeriya da ya yi fice a kiɗan rege na mutanen Jamaika. A ganina manomin Kankiya ya fi ɗan birnin Legas kusa da gane waƙarsa mafi shahara, "Send Down the Rain", wadda roƙo ce na a saukar da ruwa. A ganina kuma laƙabin da waƙar ta jawo masa, "Rainmaker", wato mai sa a yi ruwa, cuta ce aka yi wa waƙar da mai waƙar.

Sunansa na yanka Majekodunmi Fasheke. An haife shi a 1963, mahaifinsa Bayerabe ne, mahaifiyarsa 'yar ƙabilar Edo, kuma a birnin Benin ya tashi. A cocin Aladura ya koyi kayan kiɗa. Ya fara fitowa a gidan talabijin na NTA da ke Benin, ya yi zama cikin wata ƙungiyar makaɗa mai suna Jastix, kafin ya ware ya fitar da faifansa na farko, Prisoner of Conscience, a kamfanin Tabansi a 1988. A shekarar da ta biyo ya kwashi lambobin yabo shida na ƙungiyar mawaƙa ta PMAN.

Sai mun tuna zamanin kafin mu gane dalilin da ya sa faifan ya kama ƙasa. Mulkin Janar Babangida ne. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya fara a 1986, darajar naira ta zube, albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata. Mu nan Arewa ba mu gama farfaɗowa daga farin 1983 da 1984 ba, jiharmu ta Katsina kuma jaririya ce, don a watan Satumban 1987 aka cire ta daga Kaduna. A wannan tsakanin rege ya zama bakin talaka a Kudu, inda Ras Kimono da Mandators da Orits Wiliki suke ta kukan matsi da yunwa. Yawancinsu gaba da gaba suke faɗar abin da ke damunsu. Majek kuwa sai ya bi ta gona.

Nan ƙarfin waƙar yake. Ba ta kama sunan gwamnati ba, ba ta zagi soja ba. Mutum ne ya yi shuka, ya dubi sama, ya ga alamar hadari, yana roƙon Ubangiji ya shayar da abin da ya binne a ƙasa. Cikinta akwai tunatarwar da kowane Bahaushe ya sani tun yana yaro, cewa abin da ka shuka shi za ka girba. Saboda haka ma'aikacin da albashinsa ya zama kuɗin cefanen sati guda ya ji da shi ake, ɗalibin da ya gama jami'a babu aiki ya ji da shi ake, manomi kuwa bai ma buƙaci a fassara masa ba. Kiɗan ma tafiyar mai jira yake yi, ba gaggawa, amshi yana ta komawa kan buƙata guda kamar mai naci a bakin ƙofa. Muryar tana tashi ta karye ta sake tashi. Wanda ya taɓa tsayawa a sahun roƙon ruwa ya san wannan muryar: ta wanda ba shi da komai a hannu ce.

To, sai labari ya shigo. Aka ce waƙar na fita aka kece da ruwa bayan an daɗe ana fari. Aka ce in ya hau dandamali ya rera ta sai hadari ya haɗo. Mai karatu, a garin da ruwa ke sauka sama da rabin shekara, ruwa ya tarar da taron kiɗa ba karama ba ce. Da a Kankiya ya rera ta cikin watan Fabrairu, hazo ya rufe gari, sannan ruwa ya sauko, da sai mu zauna mu yi magana. Amma labarin ya yi wa jama'a daɗi, ya yi wa 'yan jarida daɗi, shi kansa Majek bai ture shi ba. Ya rungumi laƙabin har ya sa wa faifansa na 1997 suna Rainmaker. Ta haka aka juya waƙar kai a ƙasa. Mai roƙo ya koma mai bayarwa, tawali'un da ya ba waƙar rai ya koma tallar buwaya.

Mu Katsinawa bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba, don mun yi wa namu. Ga Musawa nan kusa da mu, garin Alhaji Mamman Shata. Zauna a kowace majalisa a ɗauko zancensa, za ka ji labarin wanda ya yi wa baki ya lalace, da labarin aljanun da ake cewa suna ba shi waƙa. Da wuya ka ji mai bayyana yadda yake ajiye magana daidai kan bugun kalangu, ko yadda yake juya amshi guda sau da yawa ba ka gaji ba. Labarin al'ajabi ya fi sauƙin faɗa, sauraro kuwa aiki ne. Kuma in muka ce baiwar mutum ta aljanu ce, mun hana shi ladan guminsa, mun kuma hana na baya koyon sana'ar.

Idan aka ajiye labari aka saurari aikin, me za a samu? Gaskiya ita ce faifan farko, duk da farin jininsa, a inuwar Bob Marley yake zaune. Karin murya, jan numfashi, har da sake rera "Redemption Song" ta Marley ɗin, duk suna nuna almajiri mai hazaƙa da bai bar zauren malaminsa ba tukuna. Majek na kansa ya bayyana ne a Spirit of Love, wanda kamfanin Interscope na Amurka ya fitar a 1991, ƙarƙashin kulawar Little Steven, makaɗin jitar nan na ƙungiyar Bruce Springsteen. A nan ya shigo da gangunan Yarabawa masu magana, 'yan uwan kalangunmu, ya haɗa su da kukan jitar lantarki irin na Jimi Hendrix. Ya kira salon kpangolo, kalmar da 'yan Kudu ke kiran gwangwani da ita. Saurari "So Long Too Long", wadda ya rera a shirin talabijin na David Letterman a 1992, inda yake tada Afirka daga barci. Kunnen da ya saba da kalangu zai ji gangar tana amsa wa mawaƙin, ba raka shi kawai take yi ba. Wannan ba aron Jamaika ba ne, gudummawa ce aka mayar mata.

Akwai kuma "Religion Na Politics", mai sukar masu fakewa da addini don neman mulki. Ba sai mutum ya yarda da aƙidar Majek ba, wadda ta gauraya Rasta da Aladura, kafin ya ga inda waƙar ta dosa. Wanda ya ga rikicin Kafanchan na watan Maris 1987, da yadda wutarsa ta kai Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, ya san ba tatsuniya ake yi ba. Aibin waƙar shi ne aibin rege da yawa: tana da take mai kama zuciya, amma ba ta zurfafa ba, ta tsaya a nuni da yatsa.

Bayan nan tafiyar ta fara tangaɗi. Kasuwar Amurka ba ta karɓe shi yadda aka yi zato ba. Faifan da suka biyo baya, har zuwa Little Patience, sun fi dogara da tsohon suna fiye da sabon tunani, kpangolo kuma ya tsaya inda ya tsaya ba a ƙara masa gini ba. Wannan ita ce babbar asarar, ta fi ta kuɗi. Sannan jikinsa ya fara ba da labari. Hotunansa a rame, a hargitse, suka yi ta yawo a jaridu da wayoyi, ana ta zancen shaye-shaye, shi kuma yana cewa matsalarsa ta ruhi ce. A 2015 aka kai shi wata cibiyar farfaɗo da masu irin wannan lalura a Abuja. A 2019 aka kwantar da shi a asibiti a Landan, sai da attajiri Femi Otedola ya ɗauki nauyin magani. A birnin New York ya rasu a farkon watan Yunin 2020, yana da shekara 57.

Ba na cewa laƙabi ne ya kashe shi, kowa da nasa alhakin a kan rayuwarsa. Abin da nake cewa shi ne, mutumin da aka ɗora wa rigar mai ruwa yana jin nauyin cewa ƙishirwa yake ji, masu kallo kuma ba sa tsammanin jin haka daga bakinsa. Waɗanda suka yi ta yaɗa labarin hadarin da ke bin sa, su ne suka yi ta tura hoton ramarsa daga waya zuwa waya. A duka biyun kallo suka zo yi. Haka muke yi wa mawaƙanmu da 'yan fim ɗinmu na Hausa har gobe: kirari in suna tashe, dariya in sun faɗi, sai bidiyon neman taimako in ciwo ya kwantar da su.

Matasan da ke jin Patoranking da Burna Boy a yau suna cin amfanin gonar da irin su Majek suka share, ko sun sani ko ba su sani ba. Ga wanda bai taɓa jin sa ba, shawarata ya fara da Spirit of Love don ya ji gwanintar, sannan ya ajiye "Send Down the Rain" sai damina ta tsaya cak, gero ya fara naɗe ganye a gonakin Rimaye da Kafin Soli. A ranar zai gane cewa mai waƙar bai taɓa mallakar ɗigon ruwa ko ɗaya ba. A sahu yake tare da mu, hannunsa a sama.