Yadda Ake Gina Waƙa Tun Daga Gindinta

Idan kaka ta yi a kudancin Kano, aka casa shinkafar Tudun Wadan Ɗankadai, aka ɓare masarar Doguwa, kuɗi kan shiga hannun manoma, bukukuwan aure su biyo baya. Lokacin ne aiki ke yi wa matasan mawaƙa yawa, domin yanzu ango da amarya kan so a yi musu waƙa tasu ta kansu, mai ɗauke da sunansu da na iyayensu da garinsu. Na bi wani matashi ɗan ƙasar Bebeji na 'yan kwanaki, ina kallon yadda yake haɗa irin wannan waƙa, tun ba ta da kalma ko ɗaya har ta shiga wayoyin mutane.

Kayan aikinsa na farko littafi ne na 'yan makaranta da biro. Ya je gidan su amarya ya tsuguna ya gaida manya, ya yi ta tambaya: sunan kakan amarya, sana'ar gidan, wanda ya riƙe ta, ƙawayen da ba za a manta da su ba. Ya cika shafi uku, amma abin da yake nema guda ɗaya ne, wato maganar da waƙar za ta tsaya a kanta. Masana waƙar baka irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero suna kiran wannan turke, kamar turken da ake ɗaure dabba: ta kewaya yadda ta so, igiya ta dawo da ita. A wannan karon turkensa haƙurin uwar da ta reni amarya ne.

Daga nan sai gindin waƙa, layin nan ɗaya ko biyu da ake komawa kansa bayan kowane baiti, wanda 'yan amshi ke karɓa. Shi ya fi cin lokaci. Kwana biyu yana gunguninsa, a kan babur, a bakin rijiya, a gona yana ɗaure dami. Duk sanda wani kari ya faɗo masa sai ya ciro waya ya rera a hankali ya adana. Na ƙirga goma sha ɗaya a wayar, ya zubar da goma. Ma'auninsa shi ne ƙanwarsa 'yar firamare. Idan ta ji sau biyu ta kama rerawa tana wanke-wanke, gindi ya kafu.

Wurin da ya fi burge ni shi ne awon gaɓoɓi. Hausa tana da gaɓa mai nauyi, wadda wasalinta ke da tsawo ko baƙi ya rufe ta, da gaɓa marar nauyi mai gajeren wasali. A cikin kari, mai nauyi ɗaya tana cin wurin marasa nauyi biyu. Yaron bai taɓa karanta wannan a littafi ba, amma yatsansa ya sani. Yana rera layi yana ƙwanƙwasa gwiwa, inda kalma ta yi tuntuɓe sai ya soke ta ya nemo 'yar'uwarta mai ma'ana ɗaya da nauyi daban. Ya nuna mini kalmar gari. In kiɗa ya tilasta masa jan gaɓar farko, garin su amarya ya koma garin tuwo ke nan. Haka kuma akwai tsohuwar kuka a ƙofar gidansu da yake son ambata. A sunan bishiyar murya kan hau ne ta sauko, in kuwa ya bar ƙarshen kalmar a sama don daɗin rerawa, ya kai kuka ƙofar amarya ranar farin cikinta. Sai da ya juya layin sau huɗu kafin kalmar ta faɗa daidai inda karin ke gangarowa. Duk wannan yana yi ne yana kula da amsa-amo, wato kowane baiti ya ƙare da sauti iri ɗaya.

Wannan kunne gado ne na yankin. Wanda ya tashi yana jin gangar noma a wurin gayya, yana jin kalangu a rumfar mahauta ranar kasuwa, ya riga ya san kiɗa magana yake yi. Makaɗi kan matse tsarkiyar kalangu a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, har ya kira sunan mutum ba tare da ya buɗe baki ba. A kan wannan Mamman Shata ya gina waƙoƙinsa har rasuwarsa a 1999, shekarar da fim ɗin Sangaya ya fito waƙar fim ɗin ta game gari, kiɗan fiyano ya samu gindin zama a Kano. Matasan yau 'ya'yan gidajen biyu ne.

Manyan situdiyo suna birni, musamman wajen Titin Gidan Zoo, amma shi ɗan ƙaramin ɗaki ya je a bakin hanya. An manna soso da kwalin ƙwai a bango don kada murya ta yi amsa-kuwwa, an kai janareto can bayan gida da doguwar waya saboda ƙara. A ciki akwai fiyano ƙirar Yamaha, da kwamfuta, da makirufo guda. Ya rera gindin waƙar ba kiɗa, mai kiɗan ya sunkuyar da kai yana lalubo muryar a kan maɓallai har ya gano inda ta zauna. Sannan aka tsayar da gudun waƙar.

"Yaya, a ɗan sassauta, iyaye mata ne za su taka," in ji mawaƙin.

"To ƙanena, rera mu ji."

Kiɗan bene-bene ake ɗora shi. Ganga mai kauri ce a ƙasa, ita ce harsashi. Sai kalangu, wanda mai kiɗan ke bugawa da yatsu biyu yana murza wani ɗan gare-gare a gefen fiyanon da hannun hagu, sautin ya lanƙwasa kamar an matse tsarkiya. Sai kacau-kacau, sai sarewa, ita kuma ba ta shiga sai inda mawaƙi zai ja numfashi, don kada ta haɗiye masa kalma. Kowane sauti da layinsa a fuskar kwamfuta, ana iya ɗaga shi ko a rage shi shi kaɗai.

Ɗora murya baiti-baiti ake yi. Ya tsaya tazarar taƙi ɗaya daga makirufo, ya ɗan kauda baki idan zai furta fa ko ba, don kada iska ta bugi na'urar. Wani baiti sau tara ya maimaita shi saboda sunan kakan amarya bai fita tar ba. Akwai manhajar da ke miƙe murya idan ta kauce, kuma 'yan majalisar da ke wuni a kan benci a ƙofar situdiyon sun yi imani ita ke yin komai. Ita kuwa ba ta san bambancin kuka da kuka ba. A cikin 'yan majalisar akwai mai murya da ta fi ta wannan yaron zaƙi, shekara uku yana cewa zai shiga, littafinsa ko shafi ɗaya bai cika ba. Bayan jagora ya gama, 'yan amshi mata biyu suka shiga, aka ɗauki amshinsu sau uku aka jera, suka zama kamar su shida.

Tacewa ce ta ƙarshe: a rage gangar inda ta danne magana, a goge tari da ƙarar babur da ta kutso. Mai kiɗan bai yarda da manyan lasifikansa ba. Ya tura waƙar cikin wata tsohuwar ƙaramar waya, ya ajiye ta a bakin taga, muka fita waje muka saurara, domin a irin wannan wayar za a ji ta a kwale-kwalen masunta a Tiga da rumfunan Kwanar Ɗangora. Kalangun ya ɓace a ciki, ya koma ya ɗaga shi kaɗan. Da la'asar mawaƙin ya ɗora babur ya kai wa uwar amarya, ya durƙusa a tsakar gida ya kunna mata. Da aka zo baitin kukar ƙofar gida sai ta ce, "Ɗan nan, maido mini wurin nan."