Ginin Hikma na Dandaji: Aikin da Ya Girmama Magina da Jama'a

A garin Dandaji, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, akwai wani aiki da ya kamata duk mai sana'ar gini ko adon gida a ƙasar Hausa ya yi nazarinsa. Sunansa Hikma, an kammala shi a 2018. Mariam Issoufou Kamara, wadda ta kafa kamfanin atelier masōmī a Yamai a 2014, ita ce ta tsara shi tare da Yasaman Esmaili, 'yar asalin Iran.

Tsohon masallacin garin, ginin ƙasa ne, ya tsufa har ana shirin rushe shi. Maimakon haka, sai aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum kusan 1,000 a kusa da shi. Manufar ita ce ibada da neman ilimi su zauna a haraba ɗaya, kamar yadda aka yi a Baitul Hikma ta Bagadaza a ƙarni na 9.

Abin da ya fi burge ni shi ne cikin ɗakin karatun. Ba a lulluɓe bakan gizon rufin da silin ba, ba a shafe bango da siminti ba. An bar aikin magina na da a fili, sannan aka shigo da ƙarfe aka yi matattakala, da ɗan bene, da wuraren zaman nazari. Wanda ya hau benen yana dab da rufin, yana ganin yadda kowane baka ya tashi ya haɗu da ɗan'uwansa. Dalilin zaɓen ƙarfe a bayyane yake: itacen gini ya yi ƙaranci a yankin.

Na biyu kuma, aikin ya tafi da kowa. An gayyaci magina na garin, suka kawo gwanintarsu, suka kuma koyi dabarun ƙarfafa ƙasa da kare bango daga zaizayar ruwa. Bulon sabon masallacin ma da jan ƙasar wurin aka matse shi. Yankin dama ba baƙon gwanaye ba ne: shi ya fitar da Alhaji Falke Barmu, wanda masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. An kuma tanadi azuzuwan yaƙi da jahilci, inda mata ke da wurin zama.

Sai dai ina da hanzari. Ƙarfe ba a gona yake fita ba. Daga birni ake sayo shi, kuɗinsa kuma ba ya zama a ƙauye. Sannan ginin ƙasa yana son yaɓe da kulawa, ɗakin karatu yana son littattafai da mai tsaronsu. In babu waɗannan, kyan gini kaɗai ba zai ɗore ba.

Duk da haka, Hikma ta cancanci yabon da ta samu, har da kyautar Holcim a 2017. Darasinta kuma ya shafi jihar Katsina: ƙauyukan Batsari da Safana, irin su Yasore, da rashin tsaro ya ɗaiɗaita, za su buƙaci gyaran makarantu da masallatai. Ina kira ga masu zanen gini na Katsina: idan lokacin ya zo, ku fara neman maginan gari kafin ku yi odar siminti.