Baƙuwa a Cikin Gida: Matan Ingila da Rubutun Tafiya a Kan Turkiyya

Tun kafin ƙarni na 18 Turawa maza ke wallafa labarin tafiyarsu zuwa Daular Usmaniyya, kuma da wuya ka buɗe littafi ɗaya ba ka tarar da babi a kan matan Santambul ba. Amma kusan dukkansu ba su taɓa taka ƙafa inda matan suke ba. Gidan mai hali a can sashe biyu ne, selamlik inda maigida ke karɓar baƙi, da haremlik na iyali. Bahaushe ya san wannan tsari, baƙo namiji iyakarsa zaure. Abin da suka rubuta ji-ta-ji-ta ne da aka ƙara wa gishiri.

Wannan giɓi ne ya haifar da wani reshe na adabin tafiya wanda mata suka riƙe, hujjarsu kuwa ɗaya ce: mu mun shiga, mun gani. Wadda ta share fagen ita ce Mary Wortley Montagu, matar jakadan Ingila, wadda ta bi mijinta zuwa daular daga 1716 zuwa 1718, zamanin Sarki Ahmed na Uku. An buga wasiƙunta a 1763, shekara guda bayan rasuwarta. A Sofiya, wani birni na daular a lokacin, ta shiga gidan wankan mata a 1717, ta tarar da mata wajen ɗari biyu, wasu na shan gahawa, wasu ana yi musu kitso, ana ta hira. Suka matsa mata ta tuɓe. Da ta buɗe riga suka ga matsattsiyar rigar ciki mai sanduna da matan Ingila ke ɗaure ƙugu da ita, sai suka ɗauka mijinta ne ya kulle ta a ciki. A wannan ɗaki, ita ce abin tausayi.

Montagu ta kai ga cewa matan Turkiyya sun fi kowa 'yanci a daular. Ana yawan yaba mata a kan wannan hukunci kamar adalci ne tsantsa, ni kuwa ina ganin rabinsa kuka ne da halin da ta baro a gida. Mace ce da ta gudu ta yi aure a 1712 don kauce wa mijin da mahaifinta ya zaɓa mata. A dokar Ingila ta lokacin, dukiyar mace na komawa hannun miji da zarar an ɗaura aure, kuma ba a gyara wannan sosai ba sai da dokar 1882. Sai ga ta a ƙasar da shari'a ta bar wa mace sadakinta da gadonta, tana iya kai ƙara gaban alƙali. Dole abin ya burge ta. Gaskiya ta faɗa, amma gaskiyar da ciwonta ya nuna mata, kuma gidajen manya ta fi shiga.

Inda shigarta cikin mata ta yi amfani ƙwarai shi ne batun agana. Cutar ta kashe ɗan'uwanta, ita ma ta bar mata zane a fuska. A Turkiyya ta ga tsofaffin mata na zuwa gidaje da ɗan ɓawo cike da ruwan ƙurjin mai cutar, su tsaga fatar yaro da allura su sa kaɗan, ya yi zazzaɓi na 'yan kwanaki ya warke, ba ya sake kamuwa. Ta sa aka yi wa ɗanta a 1718, aka yi wa 'yarta a Landan a 1721, likitoci da yawa na suka. Ilimi ne da ke hannun mata, kuma mace ce ta ɗauke shi da muhimmancin da har ta miƙa 'ya'yanta.

Duk da haka, kasancewarta mace bai kare rubutunta daga idon maza ba. Mai zanen Faransa Ingres ya kwafi bayaninta na gidan wankan a littafin ajiyarsa, daga baya ya zana tarin mata tsirara, zanen da ke Louvre yanzu. Wurin da ta nuna a matsayin dandalin hira ya koma abin kallon sha'awa.

Waɗanda suka biyo bayanta ba bakinsu ɗaya ba. Elizabeth Craven, a littafinta na 1789, ƙyama ta nuna wa abin da Montagu ta yaba. Julia Pardoe, wadda littafinta ya fito a 1837, ta zauna a gidaje ta rubuta da natsuwa. Da jiragen ruwa masu tururi suka sauƙaƙa tafiya, ziyarar haremlik ta zama zango a jerin yawon buɗe ido: a shiga da tafinta, a sha gahawa, a taɓa tufafi, a fita a rubuta babi. Masu gidan kuwa sun san ana kallonsu, sukan shirya abin da za a gani.

Abin da ya fi damuna a waɗannan littattafai shi ne wadda ke riƙe da faranti. Kuyangi na nan kusan a kowane shafi, 'yan Kaukasas da baƙar fata, wasunsu an ratso Sahara da su ta Fezzan da Tarabulus. Ana kwatanta kyawunsu da adonsu, ba a cika tambayar daga ina aka ɗauko su ba. Montagu kanta ta sassauta lamarin bautar, tana ganin ba ta fi aikatau a Turai muni ba. 'Yancin uwargida da ta yaba, a kan wuyan waɗannan yake.

Matan Turkiyya ba su yi shiru ba. Fatma Aliye, 'yar malamin tarihi Ahmed Cevdet Pasha, ta gina littafinta Nisvan-ı İslam a farkon shekarun 1890 a kan hirarrakinta da Turawa mata masu kawo mata ziyara, tana ba su amsa a kan lulluɓi da auren mace fiye da ɗaya da bauta. Zeyneb Hanım kuwa juya tafiyar ta yi. Ta tsere daga Santambul da 'yar'uwarta a 1906 don neman 'yancin da ta karanta a littattafan Faransa. A majalisar dokokin Landan aka zaunar da ita a benen mata, bayan shingen ƙarfe mai raga, nan take ta gane irin ɗakin da ta baro ne. Ta koma gida ranta a ɓace. Wasiƙunta sun fito a 1913, amma Baturiya Grace Ellison ce ta tsara su ta rubuta gabatarwa, don masu karatu a Landan ba su saba karɓar shaidar Baturkiya ba sai da wadda za ta tsaya mata.