Ganɗoki Bai Yi Kuka Ba

A zangon Parakou da na Djougou karatun boko da Faransanci ake yi, don haka yawancinmu ta kunne littattafan Hausa suke shigo mana, ana karantawa a waya muna sauraro. Na lura littattafan yaƙi sun fi tafiya, irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini. Ni ma ina son su. Sai dai akwai abin da yake damuna game da jarumanmu, kuma matsalar ta girmi marubutan yau.

Ɗauki Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934. Mutumin nan ya yi yaƙi da Nasara a Kwantagora, ya bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas, aka ci su a Burmi a 1903. Duniyar da ya sani ta rushe a gabansa. Me marubucin ya yi da wannan ciwo? Sai ya ɗauke shi da ɗansa Garba Gagare ya kai su ƙasar aljannu, suka ci gaba da sara da suka da kirari. Ganɗokin da ya dawo gida shi ne wanda ya tafi, ƙari kawai yawan waɗanda ya kashe. Wasu na cewa guduwar ita ce kukansa, tunda a Zariya aka buga littafin ƙarƙashin idon Rupert East. Na yarda da rabin maganar. Amma ko dare ɗaya ba a bar mu mun kwana da shi cikin baƙin ciki ba.

Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa (1951) ya fi shiga raina, ko da yake asalin labarin na Rasha ne. Iliya gurgu ya tashi, ya san zama yana kallon iyayensa suna wahala ba ya iya taimako. Da ya sami ƙarfi ya bauta wa Sarki Waldima, sakayyarsa kurkuku. Da maƙiya suka taso wa birnin Kib, wanda aka wulaƙanta ɗin nan aka koma nema. Yaƙin da ya fi kowane wuya a littafin, a ganina, shi ne na lokacin da zai amsa: ya huce ko ya rama? Ba Kwalele, ba takobi. Ingawa ma ya yi saurin wucewa a nan, amma ya bar tabon, shi ya sa roƙon Iliya na ƙarshe, a mai da shi dutse, yake da nauyi. Gajiyayye ne yake magana.

Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja, suka yada zango a Djougou, sun san tsoro da kewar gida. Har yanzu ina jiran marubucin da zai ba jaruminsa ko da rabin wannan.