Jinjina ga Masu Zana Tsofaffin Rumbunan Amurka

A shekarar 1933, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, gwamnati ta ɗauki masu zanen gine-gine da suka rasa aiki, ta ce su auna tsofaffin gine-ginen ƙasar su zana su. Shirin da ake kira HABS ke nan, zanen kuma yana ajiye a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su raina ginin manomi ba. Yadda suka auna coci da gidan attajiri, haka suka auna rumbun gona.

Dubi irin rumbun jihar Pensilbaniya. A jikin tudu ake gina shi, don keken doki ya shiga saman bene kai tsaye da lodin ciyawa. Shanu da dawakai suna ƙasa, sai a zubo musu abinci ta wata kafa. Benen ya turo gaba ya yi wa ƙofofin dabbobi rumfa, manyan katakan kuwa da turakun itace aka haɗa su. Wannan haɗin, wanda hoto kan ɓoye a cikin duhu, fensir ne ya fito da shi dalla-dalla.

Mai zane Eric Sloane ya ɗora a kan irin wannan aiki a 1967 da littafinsa An Age of Barns. Kafin nan tarakta ta kori doki, rumfunan ƙarfe suna ta maye gurbin katako. Rumbuna da yawa sun rushe, amma kafinta na yau zai iya ɗaukar zanen nan ya sake tayar da su. Waɗannan masu zane sun cancanci yabo.