Sadaukin Da Ba Ya Mutuwa: Sharhi Kan Finafinan Jaruman Amurka

Kome ya yi farko yana da ƙarshe, in ji masu iya magana. To amma kamfanonin fim na Hollywood sun daɗe suna ƙoƙarin ƙaryata wannan zance, kuma a ganinmu nan ne ciwon finafinan sadaukai yake, wato irin su Superman da Batman da Spider-Man, masu tashi sama su kai duka gini ya rushe.

Tun daga 2008, lokacin da kamfanin Marvel ya fito da Iron Man, waɗannan finafinai suka mamaye kasuwa. A 2009 Disney ya saye Marvel a kan dala biliyan 4. Ganiyar abin ta zo a 2019, inda Avengers: Endgame ya tara kusan dala biliyan 2.8. A wannan shekara ce mashahurin darakta Martin Scorsese ya kwatanta su da wuraren wasan lilo, aka yi masa ca. Shekara 4 bayan haka The Marvels ya sha ƙasa, da ƙyar ya haura dala miliyan 200.

Wasu sun ce 'yan kallo ne suka gaji da sadaukai. Mu dai ba mu gamsu ba, domin a 2024 Deadpool & Wolverine ya haura dala biliyan 1. Abin da ya raunana shi ne labari. Kamfani ya zuba ɗimbin dukiya a kan jarumi, saboda haka ba zai yarda marubuci ya kashe masa shi ba. A Infinity War na 2018 mugu Thanos ya hallaka rabin halittu, 'yan kallo suka fita jiki a sanyaye, da shekara ta zagayo aka dawo da su. A Logan na 2017 Wolverine ya tsufa, ƙarfinsa ya ragu, ya mutu wajen kare wata yarinya. Rubutun fim ɗin ya yi armashi har ya shiga takarar Oscar, amma a 2024 aka sake jawo jarumin domin kasuwa. Idan mai kallo ya san mutuwa wasa ce, me zai sa gabansa ya faɗi in an zare takobi?

Illa ta biyu ita ce kowane fim ya zama tallan na gaba. Ba a rufe labari, sai a bar ƙofa a buɗe bayan an gama jero sunaye, kuma wanda bai ga na baya ba sai ya ɓata a hanya.

Tushen wannan duka shi ne matsayin marubuci. A 1938 Jerry Siegel da Joe Shuster suka sayar da haƙƙin mallakar Superman a kan dala 130 kacal, suka shafe shekaru suna shari'a a kansa. A 2023 marubutan Hollywood suka yi yajin aiki na kwana 148 kan ladan aikinsu da barazanar a maye gurbinsu da na'ura. Inda alƙalami ya koma ɗan ƙwadago, labari kan bi abin da mai kuɗi yake so.

'Yan'uwa marubuta, wannan darasi namu ne. Mu ma muna da sadaukai a adabinmu, irin su Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Haka kuma mun san ɗabi'ar jan littafi zuwa na 3 da na 4 alhali labarin ya ƙare tun a na 1. Kafin mu ba jaruminmu ƙarfi, mu fara tambayar kanmu abin da zai iya rasawa, kuma in ya rasa, kada mu mayar masa don gudun ɓacin ran mai saye. Allah ya yi mana jagora, amin.